Jinin da Ba a Sayarwa: Kisan Kai, Ramuwar Dangi da Biranen Mafaka a Dokar Isra'ila ta Dā

Maƙwabta biyu sun shiga daji sarar itace. Ɗaya ya ɗaga gatari ya kai sara, ruwan gatarin ya zare daga ƙota ya sami ɗayan, nan take ya ce ga garinku nan. Babu wata gaba tsakaninsu jiya ko shekaranjiya. Wannan shi ne misalin da littafin Maimaitawar Shari'a, ɗaya daga littattafan Attaura, ya kawo a sura ta 19, kuma umarnin da ya ba mai gatarin guda ɗaya ne: ya gudu. Ya kama hanyar birni mafi kusa cikin biranen da aka keɓe, domin da zarar labari ya isa gida, wani daga dangin mamacin zai ɗauki makami ya bi sawunsa da zuciya mai tafasa. In ya cim masa a hanya, sai gawa ta zama biyu.

Dokar Isra'ila ta tarar da ramuwar jini a ƙasa, kamar yadda take a duk inda dangi ne garkuwar mutum, kuma ba ta kashe ta ba. Ta bar takobi a hannun dangi, amma ta ƙwace musu abu biyu: ikon yanke hukuncin wane ne mai laifi, da ikon sasantawa da kuɗi. Kusan duk sauran ƙa'idojin daga nan suka tsiro. Suna warwatse a wurare huɗu, Fitowa 21, Littafin Ƙidaya 35, Maimaitawar Shari'a 19 da 21, sai Joshuwa 20, kuma ba a kowace gaɓa bakinsu ya zo ɗaya ba.

Mai bin jini

Wanda zai bi sawun mai kisa, da Ibrananci ana ce masa go'el haddam, wato mai bin haƙƙin jini. Ba ma'aikacin sarki ba ne, ɗan'uwan mamaci ne mafi kusa. Kuma bin jini ɗaya ne kawai daga cikin nauyin da ke wuyansa. A Littafin Firistoci sura ta 25, shi ne mai sayo gonar gado idan talauci ya sa ɗan'uwansa ya sayar, shi ne kuma mai fanso shi idan ya sayar da kansa bawa ga baƙo. A can aka jera su: ɗan'uwa na jini, sai baffa, sai ɗan baffa, sannan duk wani makusanci a zuri'a. Aikinsa ke nan, ya maido wa dangi abin da ya fita daga hannunsu, ko ƙasa, ko mutum, ko jini. Malaman Yahudawa na baya sun ce duk wanda ya cancanci gadon mamaci shi ne mai bin jininsa, wanda ba shi da kowa kuma kotu ta naɗa masa.

Littafin Ƙidaya bai yi kwana-kwana ba: mai bin jini shi da kansa zai kashe wanda aka tabbatar ya yi kisan ganganci. Hukuma ba ta da hauni. Abin da dattawan gari ke yi shi ne su bincika, su yanke, sannan su miƙa.

Me ya sa ba a karɓar diyya

A nan ne dokar ta raba gari da maƙwabtanta. A ƙasar Hittiyawa, cikin Turkiyya ta yau, dokar Sarki Telifinu ta wajen shekara ta 1500 kafin Miladiyya ta bar zaɓi a hannun magajin mamaci: in ya ce a kashe, a kashe, in ya ce a biya, a biya, sarki ba ruwansa. Kundin dokokin Hittiyawa ya ma ƙayyade biyan da mutane, kai huɗu a kan ɗa da aka kashe cikin faɗa, kai biyu a kan bawa. A Babila, dokokin Hammurabi, wanda ya yi mulki daga wajen 1792 zuwa 1750 kafin Miladiyya, sun ce wanda ya doki ɗa cikin rigima ya mutu, in ya rantse ba da niyya ba ne, zai biya rabin mina na azurfa, kimanin giram 250.

Littafin Ƙidaya 35 ya toshe wannan ƙofa har sau biyu. Ba za a karɓi kuɗi a madadin ran mai kisan ganganci ba. Ba za a kuma karɓi kuɗi daga mai kisan kuskure don ya bar birnin mafaka kafin lokacinsa ba. Dalilin da aka bayar ya wuce zancen dangi: jini yana ƙazantar da ƙasa, ƙasar kuwa ba ta samun kaffara sai da jinin wanda ya zubar, domin Ubangiji yana zaune a tsakiyar jama'ar. Tunanin ya faro tun daga Farawa, inda jinin Habila ya yi kuka daga ƙasa, da kuma sura ta 9 inda aka ce wa Nuhu duk wanda ya zubar da jinin mutum, ta hannun mutum za a zubar da nasa, don an yi mutum cikin siffar Allah. Idan haka ne, ran mamaci ba dukiyar danginsa ba ce, balle su yafe ko su sayar. Wanda bai mallaki abu ba, ba ya yi masa kuɗi.

Wannan yana da amfaninsa a aikace. Attajiri ba zai sayi kansa ba, dangi marasa ƙarfi kuma ba za a tilasta musu karɓar 'yan awaki su yi shiru ba. Yana kuma da tsadarsa: gwauruwa da marayun da aka bari ba su da ko sisi a shari'a. An rama musu, amma ba a ciyar da su ba.

Mai karatu da ya san fikihu zai ga bambancin nan da nan. Alƙur'ani a Suratul Ma'ida ya ambaci cewa an wajabta wa Banu Isra'ila rai da rai a cikin Attaura, Bukhari kuma ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Banu Isra'ila suna da ƙisasi amma ba su da diyya, don haka afuwa da diyyar da ke Suratul Baƙara aya ta 178 sassauci ne ga wannan al'umma. Inda aka fi kusantar juna shi ne kisan gilla a mazhabar Malikiyya, wanda ba a karɓar afuwar waliyyai a kansa.

Ganganci ko kuskure

Tunda hukuncin ganganci mutuwa ne ba sassauci, dole a san yadda za a bambance. Ba a tsaga zuciya, sai dai a duba alamu, kuma Littafin Ƙidaya ya ba da iri biyu.

Na farko makami. Wanda ya bugi mutum da ƙarfe ya mutu, mai kisan kai ne. In da dutse ne ko da icce, sai an duba ko girmansa ya kai wanda zai iya kisa. Malamai sun lura cewa ba a sa wa ƙarfe wannan sharaɗi ba, suka ce don ƙarfe komai ƙanƙantarsa yana kisa.

Na biyu abin da ke tsakaninsu kafin ranar. In ya ture shi saboda ƙiyayya, ko ya yi masa kwanton ɓauna ya jefe shi, ko ya naushe shi saboda gaba, ganganci ne, ko da hannu kawai ya sa. In kuwa turewar ta zo farat ɗaya ba gaba, ko ya saki dutse bai ga mutumin ba, kuma ba maƙiyinsa ba ne, ba ya nemansa da sharri, kuskure ne. Wannan ma'auni ya dace da ƙauye, inda kowa ya san wanda ba ya gaisawa da wane, da wanda ya yi faɗan iyakar gona da wa. Amma yana da tarko. Mutumin da ya taɓa yin cacar baki da mamaci, sannan tsautsayi na gaske ya auku ta hannunsa, yana cikin haɗari ƙwarai, don tsohuwar rigimar za ta zama shaida a kansa.

Akwai kuma tsakiya da nassin bai warware sarai ba, wato fushin nan take: ba a shirya ba, amma an ɗauki ƙarfe an buga. Ma'aunin makami ya ce ganganci, ma'aunin gaba ya ce a dakata. Maimaitawar Shari'a 17 ta tanadi cewa shari'ar da ta gagari alƙalan gari tsakanin jini da jini, a kai ta babban wurin ibada gaban firistoci da alƙalin lokacin.

Daga bagade zuwa birni

Fitowa 21 ta ce wanda bai yi kwanto ba, ƙaddara ce ta faɗo ta hannunsa, za a sanya masa wurin gudu. Wanda ya kashe da makirci kuwa, ko bagaden hadaya ya riƙe a janye shi a kashe. Ana ganin al'adar a Littafin Sarakuna na Ɗaya, inda Adonija ɗan Sarki Dawuda da Yowab sarkin yaƙin Dawuda kowannensu ya gudu ya kama ƙahonin bagade. Amma bagade mafakar sa'o'i ce, ba wanda zai shekara yana riƙe da dutse. Masu bincike da yawa suna ganin biranen mafaka sun ƙara muhimmanci ne bayan gyaran Sarki Yosiya a wajen 622 kafin Miladiyya, lokacin da aka rushe wuraren hadaya na karkara aka bar na Urushalima kaɗai, mutumin arewa ya rasa bagaden da zai isa da ƙafa. Al'adar Yahudawa da Kirista kuwa ta jingina tsarin ga Annabi Musa da Joshuwa kai tsaye.

Biranen shida ne, cikin birane 48 da aka ba Lawiyawa, kabilar masu hidimar ibada. Yamma da Kogin Urdun akwai Kedesh a Galili, Shekem a tsaunukan Ifraimu kusa da Nablus ta yau, da Hebron a Yahuza, wadda Larabawa ke kira Al-Khalil. Gabas da kogin akwai Bezer ta kabilar Ra'ubainu, Ramot a Gileyad ta Gad, da Golan a Bashan ta Manassa. An jera su arewa, tsakiya, kudu a kowane ɓangare. Daga Hebron zuwa Shekem kimanin kilomita 80 ne a miƙe, daga Shekem zuwa Kedesh kimanin 100. Ke nan wanda abin ya same shi a tsakani yana da tafiyar kilomita 40 zuwa 50 cikin duwatsu, da mai takobi a bayansa. Shi ya sa doka ta wajabta gyara hanyoyin, ta kuma ce in nisa ya sa aka cim masa aka kashe shi, jinin marar laifi ne, alhakinsa a kan jama'a. Mafakar ba ta Ba'isra'ile kaɗai ba ce, har baƙon da ke zaune a cikinsu.

Joshuwa 20 ta nuna yadda ake shiga. Mai gudu zai tsaya a bakin ƙofar birni, wurin da dattawa ke zaman shari'a, ya faɗi abin da ya faru. In sun gamsu, su shigar da shi su ba shi wurin zama. Mai bin jini in ya iso, ba za a miƙa masa shi ba. Wannan karɓar ta wucin gadi ce. Shari'a ta gaske tana gaban taron jama'a, kuma da yake nassin ya ce bayan hukunci za a mayar da shi birnin da ya gudu zuwa, an fahimci cewa ana fito da shi a kai shi wani wuri, mai yiwuwa garinsu inda shaidu suke. In ganganci ya tabbata, dattawan garinsu ne za su aika a ɗauko shi su damƙa shi ga mai bin jini. In kuskure ne, ya koma mafaka.

Komawar nan kariya ce, horo ne kuma. Ya bar gonarsa da gidansa. Muddin yana cikin iyakar birnin ba mai taɓa shi, amma ranar da ya sa ƙafa waje, mai bin jini ya gan shi ya kashe shi, ba shi da alhaki. Ba a gina kurkuku ba, ba a ɗauki mai gadi ba. Fushin dangin mamaci shi ne katangar. A dabarar mulki da ƙaramin kuɗi, wuya a fi wannan.

Wa'adin shi ne abin da ya fi ba mutane mamaki: zai zauna har babban firist ya mutu. Ba shekara biyar ba, ba goma ba. Wanda ya shiga lokacin da firist tsoho ne yana jinya zai iya fita bayan wata guda, wanda ya shiga a zamanin saurayi ya tsufa a can, alhali laifinsu iri ɗaya. Ta fuskar daidaita horo da laifi, wannan ba ya tsayawa. Yana tsayawa ne kawai in an koma ga zancen ƙazantar ƙasa: an zubar da jini, ko da kuskure ne, sai wata mutuwa ta share shi, mutuwar shugaban masu yi wa jama'a kaffara ita ce ta wadatar. Haka Talmud, babban kundin bayanan malaman Yahudawa, ta fassara. Musa bin Maimun, malamin da aka haifa a Kurɗuba ya rasu a Masar a 1204, ya kawo wani dalili na ɗabi'ar ɗan Adam: makokin ƙasa baki ɗaya yana sanyaya zuciyar mai bin jini, ya ga babban rashi ya sami kowa.

Shaidu, da gawar da ba a san mai ita ba

Ba a kashe mutum da bakin shaida ɗaya, sai biyu ko uku. Shaidar zur kuma hukuncinta shi ne abin da mai ita ya so a yi wa wanda ya yi wa ƙage. In rai ya nema, ransa za a ɗauka. Wannan ya kare wanda ake tuhuma, amma ya bar babban giɓi, domin mai kisan ganganci ba ya gayyatar 'yan kallo. Maimaitawar Shari'a 27 ta san da haka, shi ya sa ta sa la'ana a kan wanda ya kashe maƙwabcinsa a ɓoye da wanda ya karɓi toshiya don kashe marar laifi. Abin da kotu ba ta iya kamawa, an miƙa shi ga Allah a bainar jama'a.

To in an tsinci gawa a fili, ba a san wanda ya kashe ba fa? Jinin yana nan a ƙasa, ba wanda za a kashe. Sura ta 21 ta tsara abin yi dalla-dalla. Dattawa da alƙalai su fito su auna nisa daga gawar zuwa garuruwan kewaye. Dattawan gari mafi kusa su kawo karsana wadda ba a taɓa sa ta aiki ba, ba ta taɓa ɗaukar karkiya ba. Su gangara da ita kwari mai ruwa mai gudu, wurin da ba a noma ba a shuka, su karya mata wuya a can. Firistoci su matso. Sannan dattawan su wanke hannuwansu a kan karsanar, su furta cewa hannunsu bai zubar da wannan jini ba, idonsu bai gani ba, su roƙi kada a ɗora wa Isra'ila alhakinsa. Ba a bagade ake yi ba, ba a kuma yanka ta yankan hadaya.

Mishna, tarin hukunce-hukuncen malaman Yahudawa na farko, ta yi tambaya mai kyau a nan: wa ya taɓa zargin dattawan gari da kisa, har sai sun wanke kansu? Amsarta ita ce, suna rantsuwa ne cewa mutumin bai zo garinsu suka sallame shi ba abinci ba, ba su kuma gan shi suka bar shi ya tafi ba rakiya ba. Masu fikihu za su tuna da ƙasama, musamman yadda Hanafawa suka tsara ta, inda mutum hamsin na unguwar da aka tsinci gawa ke rantsuwa ba su kashe ba, ba su san wanda ya kashe ba. Bambancin shi ne a can diyya tana biyo baya, a nan babu.

Sa, ɓarawo da bawa

Wuri ɗaya tak aka yarda kuɗi su fanshi rai. In sa ya tunkuyi mutum ya mutu, a jefe san, ba a cin namansa, mai shi ba shi da laifi. In kuwa an san san da tunkuyi, an gargaɗi mai shi bai tsare ba, hukuncinsa mutuwa ne, sai dai ana iya yanka masa kuɗin fansar rai ya biya. Sakaci ne, ba hannunsa ya yi kisan ba. In bawa san ya kashe, azurfa shekel 30 ga ubangijinsa, san kuma a jefe shi duk da haka. Zancen sakaci ne ya sa aka wajabta wa mai gina sabon gida ya yi wa rufinsa ƙaramar katanga kewaye, kada wani ya faɗo jini ya hau kan gidan.

Ɓarawon da aka kama yana fasa gida da dare aka buge shi ya mutu, ba alhaki. In rana ta fito, akwai. Ubangijin da ya doki bawansa da sanda ya mutu a hannunsa, za a rama wa bawan, wanda ba ƙaramin abu ba ne a wancan zamani. Sai dai in bawan ya yi kwana ɗaya ko biyu kafin ya cika, an sallami ubangijin, wai asarar dukiyarsa ta nuna ba kisa ya nufa ba. Wannan ƙofa ce da mugu zai iya bi ya fita, ba kuma wata fassara da ta rufe ta gaba ɗaya.

Inda tsarin ya karye

Littattafan tarihin sarakuna ba su kawo labarin mutum ko ɗaya da ya gudu birnin mafaka aka bi masa waɗannan matakai ba. Abin da suka kawo shi ne yadda manya suka yi da jini.

Abner, sarkin yaƙin gidan Saul, sarkin Isra'ila na farko, ya kashe Asahel a fagen fama, bayan ya gargaɗe shi sau biyu ya daina binsa. Jinin yaƙi ba a bin sa. Duk da haka Yowab, wan Asahel, ya jira har aka yi sulhu, ya ja Abner gefe a ƙofar Hebron kamar zai yi masa magana a asirce, ya soke shi a ciki. A ƙofar birnin mafaka ke nan. Sarki Dawuda ya la'anci abin, ya bi gawa yana kuka, amma bai taɓa Yowab ba, ya ce 'ya'yan Zeruya, wato Yowab da ɗan'uwansa, sun fi ƙarfinsa. Sai a zamanin Sulemanu aka aiki Benaiya ya kashe shi yana riƙe da ƙahonin bagade, da hujjar kawar da jinin marar laifi daga gidan sarauta. Hujjar ta yi daidai da Fitowa 21. Amma ba za a manta ba cewa Yowab ya goyi bayan Adonija a rikicin gadon sarauta, kuma jinin da ya yi shekaru ana kallonsa sai a lokacin aka tuna da shi.

Wata mata daga garin Tekowa ta fallasa wata ɓaraka. Ta zo gaban Dawuda ta ce ita gwauruwa ce, 'ya'yanta biyu suka yi faɗa a gona, ba mai raba su, ɗaya ya kashe ɗaya. Yanzu dangi sun taso a ba su wanda ya rage su kashe, ta ce so suke su kashe mata ɗan garwashin da ya saura, su hallaka magaji. Labarin shiri ne na Yowab don a dawo da Absalom ɗan Dawuda, wanda ya kashe ɗan'uwansa Amnon ya gudu Geshur shekara uku, amma da bai yi kama da gaskiya ba da sarki bai saurara ba. Idan mai kisa da mamaci gida ɗaya suke, ramuwa tana cinye gidan da aka ce ana karewa, masu neman jinin kuma su ne za su gaji gonar. Sarki ya rantse ko gashi ɗaya na ɗanta ba zai faɗi ba, wato ya yi afuwar da nassin doka bai ba kowa ikon yi ba.

Gibeyonawa, mutanen garin Gibeyon, su kuma sun nuna ɗaya gefen. An yi yunwa shekara uku, aka danganta ta da jinin da Saul ya zubar a cikinsu. Da Dawuda ya tambaye su me zai yi musu, suka ce ba zancen azurfa ko zinariya ba ne, a ba su mutum bakwai daga zuriyarsa. Aka ba su, suka kashe. Wannan ya saɓa wa Maimaitawar Shari'a 24, wadda ta hana kashe 'ya'ya saboda iyaye ko iyaye saboda 'ya'ya, hanin da ya bambanta Isra'ila da Babila, inda in gini ya rufta ya kashe ɗan mai gida, ɗan magini ake kashewa. An ga ana bin hanin daga baya: Sarki Amaziya na Yahuza ya kashe fadawan da suka kashe mahaifinsa, ya bar 'ya'yansu. Ƙa'idar shaidu biyu ma ba ta tsira ba, domin da shaidar zur ta 'yan iska biyu Yezebel ta sa aka jefe Nabot don mijinta Sarki Ahab ya gaje gonar inabinsa.

Abin da malaman baya suka yi da dokar

Mishna, wadda aka tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya, bayan Rumawa sun rushe Haikali a shekara ta 70, ta tattauna tsarin a lokacin da babu babban firist, babu kuma biranen mafaka masu aiki. Duk da haka ta shiga ƙananan bayanai. In mutum yana saukar da ganga da igiya ta faɗa kan wani, ko yana sauka daga tsani ya faɗo masa, zai tafi mafaka. In jan gangar sama yake igiya ta tsinke, ko hawa yake, ba zai tafi ba, don an fi ganin haɗari lokacin saukarwa. Aka ce a haɗa mai komawa mafaka da malamai biyu su lallashi mai bin jini a hanya. Talmud ta ƙara da kafa alamu a mararraba masu nuna hanyar mafaka, da faɗin hanya kamu 32. Aka kuma ruwaito cewa uwayen manyan firistoci kan kai wa 'yan mafaka abinci da tufafi, don kada su yi addu'ar 'ya'yansu su mutu. Ɗan mafaka ba ya fita ko don ba da shaida, ko da Isra'ila na bukatarsa a yaƙi. In kuwa an yanke masa hukunci a lokacin da babu babban firist a kan kujera, ba shi da ranar fita.

Ta ɓangaren hukuncin kisa sun ƙara ɗaure shi tamau. Alƙalai 23 za su zauna. Rinjayen ƙuri'a ɗaya ya isa a sallama, amma hukuntawa sai da rinjayen biyu, kuma ba a yanke ta ranar da aka fara, sai an kwana. Shaidu za a tambaye su abu bakwai a kan lokaci da wuri, daga zagayen shekara bakwai har zuwa sa'a, sannan sai sun tabbatar an gargaɗi mai laifin kafin ya aikata. Aka ce kotun da ta kashe mutum ɗaya cikin shekara bakwai mai ɓarna ce, Rabbi Ele'azar ɗan Azariya ya ce ko cikin saba'in. Rabbi Tarfon da Rabbi Akiba suka ce da suna cikin kotun ba wanda za a taɓa kashewa, Rabban Shimon ɗan Gamaliyel ya mayar musu da cewa da sun yawaita masu zubar da jini a Isra'ila. Mai kisan da aka tabbatar da shi amma shaidar ba ta cika waɗannan sharuɗɗa ba, ba a sake shi. Mishna ta ce a kulle shi a ƙunƙuntaccen ɗaki, ana ba shi ɗan gurasa da ɗan ruwa.